Shekara biyu da manhajar LISE++: inda na yarda da ita, da inda nake raba amsarta gida uku

Ranar da malamin da ke duba aikina na digiri na uku ya ce in sauke LISE++, manhajar da ke kwaikwayon samarwa da tace ƙwayoyin nukiliyas a kwamfuta, in lissafa masa yawan magniziyam-32 da za mu iya samu a daƙiƙa guda, na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Kwana tara na yi a kai. A rana ta goma na kai masa lamba a takarda ina ɗan murmushi. Ya dubi takardar, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Da wannan gaskiya ne, ai da kowa ya gama digirinsa tun bara." Ashe na ninka amsar sau 20 ban sani ba. Zan dawo kan yadda aka yi haka, domin laifin nawa ne, manhajar abin da na ba ta shi ta lissafa.

Yanzu shekara biyu ke nan kusan kullum sai na buɗe ta. Na rubuta takardar neman lokacin bim (wato kwararar ƙwayoyin da na'ura ke harbowa) da ita, na kwana a ɗakin sarrafa na'ura tana buɗe a gabana, na kuma koya wa ɗalibai biyu da suka zo bayana. Ina ganin na san ta daidai gwargwadon da zan faɗi ra'ayina.

Ga wanda bai shiga wannan fage ba, bari in share masa hanya tukuna. Kowace ƙwayar zarra tana da tsakiya, wadda muke kira nukiliyas, inda furoton da niyutiron suke cunkushe. Nau'in nukiliyas da ke zaune lafiya ba ya lalacewa bai wuce kimanin 250 ba. Waɗanda aka taɓa gani a ɗakin gwaji sun haura 3,300, lissafin masana kuma yana nuna za su iya kai wajen 7,000. Duk sauran nan masu gajeren kwana ne. Magniziyam-32 da nake aiki a kai (lambar 32 jimillar furoton da niyutiron ɗinsa ce), rabin rayuwarsa, wato lokacin da rabin ƙwayoyinsa ke lalacewa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ba ka da halin tara shi ka ƙera faranti ka harbe shi da furoton don ka ga abin da ke cikinsa, kafin ka miƙa hannu ya rikiɗe ya zama aluminiyam. Saboda haka sai aka juya wasan: shi mai gajeren kwanan ake mayarwa harsashi, a jefa shi a kan faranti mai zaman lafiya, a karanta tsarin cikinsa daga abin da ya fito bayan karon.

To daga ina za ka samo harsashin? Hanya ɗaya ita ce fasawa. A ɗauki nukiliyas mai zaman lafiya amma mai yalwar niyutiron, kamar kalsiyam-48, a kora shi har kuzarinsa ya kai MeV 140 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwaya ne) ga kowane furoton ko niyutiron da ke jikinsa, wanda ya yi daidai da kusan rabin gudun haske, a buga shi a kan farantin beriliyam. Sai ya tarwatse. Gutsattsari iri ɗari da wani abu ne ke fitowa, duk suna gudu gaba kusan da saurin da uwar ta shigo da shi, kuma wanda kake nema ɗan mitsitsi ne a cikin wannan gayya. Aikin tace shi na wata doguwar na'ura ce ta maganaɗisu, matata, mai tsawon mita gommai: A1900 da ta yi aiki a Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka, BigRIPS ta RIKEN a Japan, FRS ta GSI a Damshitat ta Jamus, LISE ta GANIL a birnin Kan na Faransa. LISE++ kwaikwayon wannan tafiya take yi a kwamfuta, tun daga farantin farko har zuwa ditekta ta ƙarshe, wato na'urar da ke gano ƙwayoyin.

Sunanta ma daga waccan matatar ta Faransa ya samo asali, domin dominta aka fara rubuta manhajar tun shekarun 1980. Mutum biyu da sunansu ya fi maƙalewa da ita su ne Daniel Bazin da Oleg Tarasov, kuma yau daga Mishigan ake kula da ita, inda cibiyar FRIB ta buɗe a watan Mayun 2022. Kyauta ake sauke ta. Ta daɗe tana zaune a Windows kaɗai, amma sabon zubinta yana tafiya a Linux da Mac. Tana zuwa da tsarin manyan matatun duniya a shirye, kai dai ka zaɓi wadda za ka yi aiki a kanta.

Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne yadda ta iya lissafin hanya. Maganaɗisu ba ya tambayar sunan ƙwaya. Abin da ya sani kawai shi ne momentom ɗinta (wato ƙarfin tafiyarta, wanda ya dogara da nauyi da gudu) a raba da cajinta, abin da muke kira taurin lanƙwasa, ana rubuta shi Bρ ana auna shi da tesla-mita. Magniziyam-32 mai kuzarin MeV 120 ga kowane ɗan ciki, an tuɓe masa duk ilektiron ɗinsa 12, taurinsa kimanin 4.34 ne. Ka saita maganaɗisun farko a nan, sai ka ɗauka ka gama. Ina! Tunda duk gutsattsarin kusan gudu ɗaya suke yi, duk wanda nauyinsa a raba da cajinsa ya yi kusa da 32 bisa 12 zai biyo ka. Litiyam-8, kabon-16, fulorin-24, fosforas-40, dukansu 8 bisa 3 ne cif, kamar an auna. Nan ne weji yake shigowa, wato wani yankin aluminiyam mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan, da ake sakawa a tsakiyar matata. Kowace ƙwaya da ta ratsa shi tana asarar kuzari gwargwadon cajinta sau kansa, don haka fosforas ya fi magniziyam jigata, kabon kuwa da kyar ya ji an taɓa shi. Maganaɗisu na biyu sai ya sake tankaɗe su. A LISE++ kana kallon wannan da idonka: ka ƙara kaurin weji, ka ga jerin baƙin da ba ka gayyata ba yana raguwa, ka ƙuntata tsagar da ke bayansa, ka ga tsabtar bim ta hau, yawansa ya sauka. Babu littafin da ya koya mini wannan ciniki tsakanin tsabta da yawa kamar yadda wasa da waɗannan lambobi biyu ya koya mini a mako ɗaya. Har na gane dalilin da ya sa aluminiyam-33 ba ya rabuwa da mu komai dabararmu: niyutiron ɗinsa 20 ne kamar na magniziyam-32, kuma a irin wannan kuzari tacewa ta biyu takan bar masu niyutiron daidai da juna su wuce tare.

Lissafin asarar kuzari a cikin abu ma ba ni da ƙorafi a kansa. Tana ɗauke da ATIMA, wadda aka gina a GSI, kuma duk lokacin da muka gwada amsarta da abin da maganaɗisu ya nuna, bambancin ɗan kaɗan ne da za a iya ɗora wa rashin sanin ainihin kaurin farantin. Akwai kuma maɓallin neman kaurin faranti mafi dacewa, wanda ya cece ni daga dogon lissafi. Hikimar a bayyane take: faranti mai kauri yana ba da karo da yawa, amma gutsuren da aka haifa a bakin faranti da wanda aka haifa a ƙarshensa ba su fita da gudu ɗaya ba, sai momentom ya bazu ya wuce abin da matata za ta iya haɗiya. A1900, lokacin da take aiki, kashi 5 cikin ɗari take karɓa idan an buɗe ta gaba ɗaya. Manhajar tana zana maka tudu, ka zaɓi ƙololuwarsa.

Daren da na sallama mata shi ne darena na farko a ɗakin sarrafa na'ura. Kafin a fara gwaji dole a tabbatar wace ƙwaya ce wace a hoton tantancewa, inda ake jera asarar kuzari a tsaye, lokacin tafiya a kwance, kowane nau'i ya fito kamar ɗan tabo. Tabo ɗari a allo, babu mai suna a goshi. Wata babbar 'yar'uwa a ƙungiyarmu, wadda ta riga ni shekara huɗu, ta ce a saita matata a inda furoton da niyutiron suke daidai wa daida. Sai ga layi ya miƙe: hiliyam-4, litiyam-6, sai rami, sai boron-10, kabon-12. Ta sa yatsa a ramin ta ce, "Ƙanina, ga beriliyam-8 nan." Babu komai a wurin, kuma rashin komai ɗin shi ne shaidar, domin beriliyam-8 yana rabewa gida biyu ya zama hiliyam biyu tun kafin ya fita daga farantin. Daga wannan rami muka ƙirga sama har muka isa inda muke nema. Na ɗora hoton da LISE++ ta zana mini tun da rana a gefen na gaske. Tabo ya hau kan tabo. Na daɗe ina kallo.

Sai dai girman tabon bai yi daidai ba. Wurin kowa daidai ne, amma yawan magniziyam-32 da muka samu bai kai rabin abin da na yi alkawari a takarda ba, kuma wannan bayan na gyara kuskurena na farko ne.

Bari in sauke wancan kuskuren tukuna, don kada wani ya maimaita. Ƙarfin bim ana faɗinsa iri biyu. Akwai nanoamfiya na lantarki, wanda mita ke karantawa kai tsaye, akwai nanoamfiya na ƙwaya, wanda ake samu bayan an raba na farko da cajin ƙwayar. Kalsiyam da aka tuɓe tsaf cajinsa 20 ne. Na ga lamba a wani tsohon rahoto, ta lantarki ce, na zuba ta a gurbin ta ƙwaya. Shi ke nan, sau 20. Gurbin biyu suna kusa da juna a taga ɗaya, bambancinsu harafi ɗaya ne. Tun daga ranar ba na karɓar amsar manhajar sai na yi lissafin bayan ambulan da hannuna: nanoamfiya ɗaya na ƙwaya daidai yake da ƙwaya biliyan 6.24 a daƙiƙa. Farantin beriliyam mai giram ɗaya a kowane murabba'in santimita, kaurinsa ya ɗan haura milimita 5, yana ɗauke da zarra kimanin 6.7 sau 10 mai ƙarfin 22. Ka ninka su da faɗin karo, ka ninka da kason da ke tsira a matata. Idan amsarka da tata sun yi hannun riga, ɗayanku ya sha ruwa, kuma galibi kai ne.

A cikin waɗannan abubuwa huɗu da ake ninkawa, uku sanannu ne. Na huɗun, faɗin karo, wato yiwuwar kalsiyam-48 ya zubar da furoton 8 da niyutiron 8 cif ya bar maka magniziyam-32, shi ne inda ƙasa take da laushi. Abin da manhajar ta fi dogara da shi a nan wata ƙa'idar lissafi ce mai suna EPAX, aikin Klaus Sümmerer da abokansa a GSI, wadda ta fito a 1990, aka gyara ta a 2000, aka sake gyarawa a 2012. EPAX ba daga dokokin nukiliyas aka ciro ta ba. Ma'aunai masu yawa aka tara aka ja musu layi mai santsi. A kusa da inda aka yi awo tana da kyau. Da ka yi nisa zuwa gefen da niyutiron ya yi yawa, tana hasashe ne a inda ba ta taɓa taka ƙafa ba, kuma kuskuren ninki biyu, ninki biyar, har goma ba abin mamaki ba ne. Zubin 2012 ma an yi shi ne a wani ɓangare don rage yawan alkawarin da na 2000 yake yi a wannan gefe. Akwai wani zaɓi a cikin manhajar, lissafin yankewa da ƙafewa, wanda ke ɗaukar karon a mataki biyu: a yanke wani sashe na nukiliyas, sauran da ya yi zafi ya riƙa zubar da 'ya'ya har ya huce. Ya fi kusa da kimiyyar abin, amma yana da ƙusoshin da kai za ka murɗa, musamman yawan zafin da kowane yanka ke bari, kuma da ka murɗa kaɗan amsar ta yi tsalle. Na taɓa ɓata mako guda ina murɗawa har sai da na gane ina neman amsar da raina ke so ne.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin aibin masu manhajar, domin abin da ba a auna ba babu mai iya rubuta shi a kwamfuta. Abin da nake jin tsoro shi ne yadda take fitar da lambar hasashe da lambar tabbas da kaya iri ɗaya, rubutu ɗaya, ɗigo uku bayan aya. Sabon ɗalibi ba zai bambanta su ba. Ni ban bambanta ba.

Wani abin sha'awa, tazarar da ke tsakanin hasashe da awo ta sha zama ita ce binciken kansa. Oksijin yana da furoton 8. Niyutiron 20 kuma lamba ce daga lambobin sihirin da Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka bayyana a 1949, wato 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126, inda hawa yake cika (furoton da niyutiron hawa-hawa suke zama) nukiliyas ya yi ƙarfi. Bisa wannan, oksijin-28 ya kamata ya zama sarki, sihiri biyu a jiki ɗaya. An nemi oksijin-26 a GANIL a 1990, ba a ga ko ɗaya ba. A 1997 Tarasov ɗin nan da abokansa suka nemi oksijin-28 da bim ɗin salfa-36, nan ma shiru. A 1999 a RIKEN aka ga fulorin-31, oksijin-28 kuwa babu shi. Hujjar a kowane karo iri ɗaya ce: bisa yawan maƙwabtansa da aka ƙirga, da yana nan da an gan shi. Haka aka tabbatar oksijin ya tsaya a 24, niyutiron 16, alhali ƙara furoton ɗaya tak ya ba fulorin ikon riƙe ƙarin niyutiron shida. Sai a 2023 aka ga oksijin-28 a RIKEN, ba a raye ba, ta hanyar tattara oksijin-24 da niyutiron huɗun da ya watse ya zama. Wanda ya zauna ya yarda da layi mai santsi ba zai taɓa zaton wannan tsani ba.

Wuri na biyu da nake taka-tsantsan shi ne bazuwar momentom. Tsohuwar ƙa'idar Goldhaber ta 1974 tana cikin zaɓuɓɓukan manhajar, kuma ga fasawa ta yau da kullum tana aiki. Daga kalsiyam-48 zuwa magniziyam-32 tana ba da bazuwar kusan MeV/c 300 (MeV/c ma'aunin momentom ne), kimanin kashi 2 cikin ɗari na momentom ɗin gaba ɗaya, kuma abin da muka gani bai yi nisa da haka ba. Amma wata rana, don in gwada ta, na sa mata beriliyam-11 a matsayin bim na ce ta cire masa niyutiron ɗaya. Ƙa'idar ta ba ni tudu mai faɗin sama da MeV/c 200. Abin da aka auna a gwaji kimanin 45 ne. Dalilin shi ne niyutiron na ƙarshe a beriliyam-11 da kyar yake riƙe, kuzarin da zai raba shi da uwar keV 502 ne kacal, kusan rabin MeV ke nan, alhali a nukiliyas na yau da kullum wajen MeV 8 ake bukata. Saboda haka yana yawo nesa da tsakiya, ya yi mata da'ira kamar yadda wata yake yin sansani. Ƙa'idar Heisenberg kuma ta ce abin da ya bazu a wuri, momentom ɗinsa ƙuntatacce ne. Siririn tudun shi ne hoton sansanin.

Da irin wannan awo aka buɗe fagen namu gaba ɗaya. A 1985 Isao Tanihata da abokansa, a na'urar Bevalac ta Bakli a Amurka, suka jefa aisotof ɗin litiyam, wato nau'o'insa masu yawan niyutiron daban-daban, ɗaya bayan ɗaya a kan faranti suna ƙirga nawa ne suka yi karo. Girman yana hawa a hankali, da aka zo litiyam-11 sai ya yi tsalle. A 1987 Hansen da Jonson suka fassara shi da cewa niyutiron biyu ne ke sansani a bayan litiyam-9, a 1988 kuma aka ga siririn tudun momentom da ya gaskata su. Litiyam-11 rabin rayuwarsa bai kai milisakan 9 ba, niyutiron biyun nan keV 369 ne ke riƙe da su, kuma idan ka cire ɗaya ɗayan ma ya tafi, domin litiyam-10 ba ya tsayuwa, niyutiron biyu su kaɗai ma ba sa tsayuwa. Kamar duwatsun murhu uku ne, ka ɗauke ɗaya tukunya ta kife. LISE++ za ta gaya maka inda za ka saita maganaɗisu ka kama litiyam-11, za ta gaya maka zai isa ditekta da ransa tunda tafiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Sansanin kuwa ba ta san da shi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da masu sabon shiga suke yawan ruɗewa a kai. LISE++ tana kai ka bakin ƙofar gwajin ne ta tsaya. Abin da ke faruwa a faranti na biyu, inda ake tambayar nukiliyas tsarin cikinsa, aikin wasu kayan ne. Idan fizge niyutiron ɗaya za ka yi don ka gane hawan da yake zaune daga faɗin tudun momentom, sai ka nemi irin su MOMDIS. Idan miƙa niyutiron za ka yi daga diyutiron (furoton ɗaya da niyutiron ɗaya a haɗe) zuwa bim, kamar yadda Kate Jones da abokanta suka yi wa tin-132 a Ok Rij suka wallafa a 2010, FRESCO ta Ian Thompson ce abokiyar tafiyarka. Lissafin hawa-hawa na su NuShellX da KSHELL ne, kwaikwayon ditekta kuma na GEANT4. A cikin LISE++ akwai ɗan kalkuletan kusurwa da kuzarin abin da ke fita daga karo, kuma ina amfani da shi kullum, domin a juyayyen wasa hankalin mutum yakan ruɗe: a gwajin miƙa niyutiron, furoton ɗin da ya fi muhimmanci baya yake fita, wajen da bim ya fito, da ɗan kuzari kaɗan. Wanda bai duba ba zai jera ditektocinsa a gaba ya kwana yana jiran gawon shanu.

Magniziyam-32 ɗin nawa ma misali ne na abin da sai karo yake fallasawa. Niyutiron 20 gare shi, ya kamata ya zama ƙwallo mai tauri. Tun 1975 awon nauyin sodiyam-31 da 32 a CERN ya nuna akwai lauje cikin naɗi a wannan unguwa. A 1995 Tohru Motobayashi da abokansa a RIKEN suka wuce da shi ta gefen dalma, ƙarfin lantarkin dalmar ya girgiza shi zuwa matakinsa na farko mai keV 885, kuma sauƙin da ya girgizu ya nuna ba ƙwallo ba ne, ya miƙe kamar ƙwai. Sihirin 20 ya karye a nan. Daga baya aka ga na 28 ya karye a silikon-42, aka kuma ga sabon sihiri ya ɓullo a niyutiron 34 a kalsiyam-54 a 2013. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da ƙwayoyi kaɗan a daƙiƙa aka yi su, wasu ma ƙasa da haka, shi ya sa ninki biyu a hasashen yawa yake iya zama bambanci tsakanin sakamako da komawa gida hannu rabbana.

Ƙananan ƙorafe-ƙorafena ba su da yawa. Fuskar manhajar a cunkushe take, taga cikin taga, maɓalli a kan maɓalli, alamar abin da aka yi shekara talatin ana ƙara masa ɗaki. Bayanin yadda ake amfani da ita yana nan da yawa, amma a warwatse yake cikin takardun gabatarwa na kowane sabon zubi, sai ka san sunan abin da kake nema kafin ka same shi. Lissafin ƙwayoyin da suka riƙe ilektiron ɗaya ko biyu sai ka tabbatar ka kunna shi da kanka. Ga ƙananan ƙwayoyi masu gudu sosai ba damuwa, amma ga masu nauyi irin su tin ko yuraniyam, mantawa da shi yana iya sa ragowar bim na asali ya biyo hanyarka ya gasa maka ditekta. Hanyar lissafinta mai sauri tana ba da amsa nan take, ta Monte Carlo kuwa, wadda ke bin ƙwaya ɗaya-ɗaya, ta fi gaskiya a inda matata take da lanƙwasa mai wuya, sai dai tana cin lokaci idan abin da kake nema ɗaya ne cikin biliyan.

Wa zan ba shawarar ya sauke ta? Duk ɗalibin da zai taɓa bim ɗin fasawa, ba shi da zaɓi ma, domin kwamitin raba lokacin bim zai tambaye shi fayil ɗinsa. Malamin da ke koyar da kimiyyar nukiliya kuma ba shi da na'ura ko ɗaya, zai iya sa ɗalibansa su tace kalsiyam-60 a kwamfutar tafi-da-gidanka da tsarin BigRIPS da bim ɗin zinki-70 mai MeV 345 ga kowane furoton ko niyutiron, kamar yadda aka gano shi a 2018, su ga da idonsu yadda ake jiran kwanaki don ƙwaya ƙalilan. Wanda aikinsa ke wuraren da ake tsayar da gutsattsari a faranti mai kauri a fitar da su da zafi, irin ISOLDE ta CERN ko TRIUMF ta Kanada, amfaninta gare shi ya ragu, ko da yake kalkuletocinta na asarar kuzari za su yi masa rana.

A takardar neman lokacin bim da nake rubutawa yanzu, saitin maganaɗisu da kaurin weji na kwafe su daga manhajar yadda suke. A gurbin faɗin karo na cire EPAX na zuba lambar da muka auna da kanmu a wancan dare, tunda tana ba ka damar shigar da taka. Ga magniziyam-34 kuwa, wanda ba mu auna ba, na ɗauki amsarta na raba gida uku, na rubuta a ƙasan jadawalin cewa na raba. Malamina ya karanta jiya, ya ja layi a ƙarƙashin ukun, ya rubuta a gefe da jan biro: "Me ya sa ba biyar ba?"